Farantin Tamu Ya Koma Gida

Kafin girgizar ƙasa, babu wanda ya san Lalla Ijja da wata sana'a a ƙauyenmu na Anamar in ban da kiwon awaki da faɗin abin da ya zo bakinta. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ta ba sittin baya, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta kuma suna can gonakin tumatir na birnin Agadir. In an ambaci Ijja, sunan da ke biyo baya shi ne Tamu. Tun suna amare katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kuma ta kan katangar nan suka yi rayuwarsu. Gishiri ya haura, garwashi ya haura, gulma ta haura, ranar da akuyar wannan ta ci na'ana'ar waccan kuwa har zagi haurawa yake yi.

Abin da mutane suka manta shi ne a birnin Fas Ijja ta yi ƙuruciyarta. Tana yarinya aka kai ta aikatau gidan wani ma'allam, wato gwanin sana'a, mai aikin zallij, ƙananan tayil ɗin nan masu launi da ake ƙawata bangon masallatai da su. Aikinta shara da wanke-wanke da kai shayi rumfar aiki. Babu wanda ya koya mata komai, don mace ba ta taɓa guduma a rumfar, amma mai kai shayi ba a rufe mata ido. Ta ga ba a jera zallij fuska sama. Kifa shi ake yi a daɓe mai santsi, ɗaya bayan ɗaya, mai jerawa ba ya ganin komai sai bayansu, launukan suna cikin kansa. In ya gama a zuba siminti, a bari ya kama, sannan a taru a juya. Ranar juyawa ake sanin ma'allam da mai ɓata wa mutane kaya. Da ta dawo gida ta yi aure, sai ta ninke wannan sani ta ajiye kamar tsohon zane a ƙasan akwati.

Ranar Juma'ar da abin ya faru, bayan an sauko daga masallaci, Tamu ta aiko 'yarta Yamna da kuskus a cikin babban farantinta kore mai zanen fure, wanda ta shigo gidan miji da shi. Yamna ta gama makarantar jinya ke nan tana jiran a kira ta aiki.

"Lalla Ijja, in ji Inna wai ki ci da zafinsa, kuma kar ki riƙe mata faranti kamar wancan karon."

Ijja ta ɗaga murfi ta leƙa. "Ki ce wa uwarki kabewa ta yi yawa, naman kuma sai an haska tocila. Faranti sai gobe, ɓaurena bai gama bushewa ba."

A wajenmu faranti ba ya komawa gida ba komai a ciki. In maƙwabciya ta aiko miki da abinci, za ki mayar da shi da ɓaure ko zaitun ko ƙwai, ko da dunƙulen gishiri ne. Kuma ba ya zama a gidanki. Wadda ta riƙe farantin maƙwabciya, ko ta mayar da shi wayam, ta faɗi abin da ke ranta ke nan ba tare da ta buɗe baki ba.

Yamna ta yi dariya ta tafi. Abin da ya biyo baya ba abin maimaitawa ba ne. Har yau in babbar mota ta wuce ta hanyar ƙasa, sai ka ga mutum ya ajiye kofinsa yana kallon sama, ko da a fili yake zaune. Ijja ta fita da ƙafarta. An zaƙulo Tamu da rai. Yamna ba ta fito ba.

Aka kafa tantuna a filin sussuka. Mutane suka yi ta kawo wa Tamu dunƙulen sukari na ta'aziyya har ya taru a lungun tantinta, amma ba ta ce wa kowa uffan ba. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ba ta fita ba, in an kawo abinci ta ɗan taɓa ta ture. Kullum Ijja sai ta je ta zauna a bakin tantin, ta ba da labarin wanda aka sallamo daga asibiti, ta zagi awaki, ta zagi farantan roba na agaji da duk kala ɗaya ne, ba ka sanin na wa ka ɗauka. Tamu ta juya fuska ga tamfol ta bar ta tana magana da ƙeyarta.

Ana nan sai Lahsan, ɗan Tamu mai aikin tuƙi a can babban birnin da ake kira Kaza, ya zo ya ga halin da uwarsa ke ciki. Ya ja Ijja gefe.

"Lalla Ijja, kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya zan dawo in ɗauke ta. Ba zan bar ta ta mutu a tanti ba."

"A bene za ka kai ta ta mutu?"

"Aƙalla akwai likita."

"Ta ce maka za ta je?"

"Ba ta ce ba za ta ba."

Ijja ta juya ta bar shi. Ta san in Tamu ta shiga motar nan a haka, shi ke nan, zaman shekara da shekaru zai ƙare babu ko sallama, kuma farantin yana hannunta. Washegari ta ɗauki fartanya ta nufi kufan gidanta. Ta yi ta haƙa a inda madafinta yake har ta tarar da shi ƙarƙashin azara, ya tarwatse. Ta tattara gutsattsarin a gefen zanenta, ta zauna a kan tulin ƙasa ta rasa abin yi. Ba a mayar wa mutum tsingaro. Saye kuma ba zai yi ba, ko da an sami irinsa a kasuwa, don wannan ne hannun Yamna ya ɗauko.

Tana juya wani gutsure a tafin hannu sai ta kifa shi a kan dutse, haka nan ba da niyya ba. Ta daɗe tana kallon bayansa. Daga nan ta miƙe.

Da farko ta yi niyyar faranti kawai za ta haɗa. Da ta auna sai ta ga wasu gutsattsarin sun zama gari, ba za su cike ba. Ta fara bi tanti-tanti da kwando tana tambayar mata fasassun kayansu. Nan ta haɗu da bakin Mbarka, matar mai gasa burodi, wadda ba a yin zance a Anamar ba ta sa baki ba.

"Ijja, kanki ɗaya? Abin da ya fashe ai ya ɗauki sharri ya tafi da shi. Ke kuma za ki bi gida-gida ki tattaro sharrin gari ki tara wuri guda?"

"In fashewar kwano na ɗauke sharri, Mbarka, ai babu garin da ya kai namu lafiya a duniya. Kawo naki."

"Me za ki yi da shi?"

"Miya."

Matan da ke wurin suka yi dariya, irin dariyar da aka kwana biyu ba a ji ba, har wasu suka toshe baki suna waige kamar sun yi laifi. Da yamma kwandon ya cika. Washegari suka fara kawowa da kansu: bakin kofin shayi mai ruwan zinariya, murfin tukunya, gutsuren madubin amarya, hannun buta, cokula da suka lanƙwashe. Wata tsohuwa ta kawo makullin gidanta, ta ce ƙofar babu, ita ba ta san me za ta yi da shi ba. Kowace ta kawo sai ta tsaya ta faɗi inda aka sayo abin da wanda ya sha a ciki. Ijja tana saurare tana warewa, kore gefe, shuɗi gefe, fari gefe. Mbarka ce ta zo ƙarshe, da gutsattsarin wani kwano rawaya a ƙunshe, ta dire ta ce kar a ce ita ta hana.

Daɓe mai santsi ɗaya ya rage a garin, na ajin makarantar firamare da rufinsa ya tafi. Can Ijja ta shimfiɗa leda. Ba ta da gudumar ma'allam, sai ta ɗauko 'yar gudumar fasa sukari, ta sa aka wasa mata bakinta. Kwanakin farko ɓarna ta yi. Tangaran ba zallij ba ne, yana da lanƙwasa, in ta buga sai ya tsage inda ya ga dama, yatsunta duk suka yayyanke. A hankali ta gane sai ta rage girman kowane gutsure kamar farcen babban yatsa kafin ya yarda ya kwanta. Na farantin Tamu kuwa ba ta taɓa su da guduma ba sai da hannunta ya faɗa.

Saura siminti. Dadda Bihi magini yana gyaran kwatamin ruwan alfadarai, sai ta je ta tsaya a kansa.

"Dadda Bihi, ina son siminti da zoben ƙarfe na bakin ganga."

"Mutane ba su da ɗakin kwana, ke kina neman simintin wasan yara?"

"Alfadarai ma ka ba su, balle ni."

"Wa ya koya miki gini?"

"Wanda ya koya maka, da ya ga kwatamin nan, da ya karɓe cokalinsa."

Bihi ya yi tsaki ya ci gaba da aikinsa. Amma da la'asar sai ga shi a makaranta da rabin buhu a kafaɗa da zoben ƙarfe da ragar wayar akurkin kaji. Ya tsaya yana kallon abin da ta jera a ƙasa, fari da ruwan ƙasa kawai, babu ko ɗigon launi.

"A kife? To ta yaya kike sanin wanne ne wanne?"

Ta nuna goshinta da bakin guduma. Bihi ya sa hannu a aljihu ya fito da gindin wani ƙaramin kofi shuɗi, na marigayiya matarsa, ya ajiye kusa da gwiwarta.

"In akwai wuri," ya ce, ya juya da sauri.

Teburi take yi, irin gajeren nan mai da'ira da ake zagayewa a ci abinci. Farantin Tamu a tsakiya, kayan sauran gidaje suna zagaye da shi layi-layi, cokula da makullai a baki. Ta yi ta yi har sanyi ya fara sauka daga duwatsu, har aka wayi gari kan tsaunin ya yi fari. Labari ya zo cewa Lahsan na tafe ƙarshen mako.

Ranar da ta sa gutsure na ƙarshe, da hantsi, Bihi na kwaɓa siminti a gefe, sai karnuka suka fara haushi. Ƙasa ta motsa. Ba babba ba ce, irin waɗanda suka yi ta biyo baya ne, amma kowa ya watsar da abin hannunsa ya ruga fili, yara na ihu. Ijja ba ta gudu ba. Ta durƙusa ta buɗe hannuwa a kan aikinta kamar kaza a kan ƙwai, tana jin gutsattsarin suna kaɗawa a ƙarƙashinta.

Da ƙasa ta natsu ta duba. Tsakiyar ta zame, gutsattsarin sun shiga juna. Ta baya kuwa duk kamarsu ɗaya.

"Ɗaga su ki duba fuskar," in ji Bihi.

"In na ɗaga ɗaya sai na ɗaga duka, kuma simintinka ba zai jira ni ba. Motar Lahsan ma haka."

Ta rufe ido ta bi su da yatsa, tana gane kowanne da kaurinsa da kaifin bakinsa, tana turawa inda take jin nan ne wurinsa. Da ta ga iyakar abin da za ta iya ke nan, ta ce, "Bismillahi. Zuba."

Kwanakin da siminti ke kamawa Ijja ba ta ci abin kirki ba. Ta rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, tana yayyafa ruwa safe da yamma, tana korar awaki. Abin da ke ƙasa kuwa Allah kaɗai ya sani. Ta yiwu furen Tamu ne, ta yiwu kwamacala ce da za ta ƙara wa mai ciwo ciwo.

Ranar Alhamis Lahsan ya iso, ya fara ɗaure kayan uwarsa a kan mota. Ijja ta sa maza suka zura tsohuwar ƙofa ƙarƙashin teburin, suka ɗauko shi a kife har bakin tantin Tamu. Bihi ya ce a fara juyawa a makaranta a gani tukuna, in ya lalace a rufa asiri. Ta ƙi. Ta ce ta ga yadda ake yi a Fas, a gaban mai kaya ake juyawa.

Duk garin ya biyo su. Maza suka kama baki, suka yi salati, suka juya, Bihi ya ɗora shi a kan ƙafafun da ya sassaƙa daga azara. Ijja ta ɓare ledar. Fuskar duk toka-toka ce da ƙurar siminti. Ta tsoma tsumma a bokiti ta goga.

Kore ya fito. Shuɗi ya biyo, sai ruwan zinariya, sai madubi ya kama rana ya watsa ta a fuskokin mutane. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Nan take wuri ya kaure.

"Ga kofina! Wallahi kofina ne!"

"Wancan murfin tukunyar Inna ne, kin ga inda ya ƙone?"

"Ku matsa in ga makullina!"

Bihi ya sami shuɗinsa, ya ɗora yatsa a kai, ya yi kamar yana duba ingancin siminti. Ijja kuwa tsakiya take kallo. Farantin ya fito, kowa ya gane shi, amma furen ya karkace gefe guda, kuma ga wani gutsure rawaya ya kutsa cikinsa ya yi zamansa.

Hayaniyar ta mutu a hankali, don an ɗaga labulen tanti. Tamu ta fito, ta rame, tana kare ido daga rana. Mutane suka buɗe mata hanya. Ta durƙusa gaban teburin, ta bi bakin farantin da tafin hannu har ta zagaye shi. Yatsanta ya tsaya a kan rawayan.

"Wannan ba nawa ba ne," ta ce. Muryar ta dushe, amma tata ce.

Ijja ta ce, "Na Mbarka ne. Ƙasa ce ta sa shi, ba ni ba. Je ki yi faɗa da ita."

"Ko a teburi sai Mbarka ta sa baki a abin da ba nata ba."

Wani ya fashe da dariya, ya yi maza ya kama bakinsa. Tamu ta ɗago ta dubi Ijja ido cikin ido.

"Kin riƙe mini faranti wata da watanni, kuma ki kawo shi a karkace, ba komai a ciki?"

Ijja ta kwance ƙunshin da ke ɗaure a ƙugunta, ta zazzage busasshen ɓaure a tsakiyar farantin har ya yi tozo.

"Na ce wa Yamna sai gobe," ta ce. "Bai bushe ba ne a lokacin."

A nan Tamu ta kifa kai a kan teburin ta yi kukan da ta riƙe tun ranar. Ijja ta rungume ta, mata suka zagaye su, maza suka juya baya suna kallon duwatsu. An daɗe a haka.

Da wuri ya lafa, Lahsan ya matso yana share ido. "Inna, bari a ɗora miki shi a mota. Zan sama masa wuri a falo."

"A kai kwanona Kaza?" in ji Mbarka. "Da izinin wa?"

Ijja ta gyara ɗaurin kai ta miƙe, bakinta ya dawo. "Ni dai na sauke nauyi, jama'a shaida ne, naki ya dawo da kaya a ciki. Sai dai ki duba da kyau, Tamu. Babu gidan da kwanonsa ba ya kan teburin nan, kuma a ƙofarki yake. In tafiya za ki yi da kwanukan mutane, ko ki mayar musu wayam, ke kika sani. Ni ban taɓa jin an yi haka a Anamar ba."

Tamu ta dubi teburin, ta dubi matan da suka zuba mata ido, ta sake duban Ijja.

"Makira. Tun kina amarya na san makira ce ke."

"Na ji. Me za ki zuba mana?"

Tamu ta dafa kafaɗar ɗanta ta miƙe tsaye. "Lahsan, sauke kayan nan. Ka gangara kasuwa ka samo mini nama da albasa da garin kuskus, gobe Juma'a."

"Inna, hanya za ta rufe fa."

"In ta rufe, bazara za ta buɗe ta. Kwanukan mutane na kaina, ina zan je?"

Guɗar da aka yi a ranar har ƙauyen da ke ƙetaren kwari an ji ta, suka aiko a tambaya ko aure ake yi.

Washegari Tamu ta fito tun da sassafe ta ɗaura zane a ƙugu. Ta sa aka fasa sukarin ta'aziyyar aka yi shayi da shi, ta murza kuskus da hannunta, tana yi wa 'yan mata faɗa sun cika wuta. Teburin bai ɗauki kowa a lokaci guda ba, sai aka ci rukuni-rukuni, kowa na neman ya zauna ta gefen da kwanon gidansu yake. Da aka gama Tamu ta wanke shi, ta cika tsakiyarsa da burodi, ta sa maza suka kai shi tantin tsohuwar nan mai makulli, ta ce Juma'a mai zuwa nauyin ciyarwa yana kan tsohuwar. Lahsan ya koma Kaza ranar Asabar shi kaɗai, da kwalbar man zaitun da saƙon uwarsa cewa ya turo mata takalman sanyi.